Haruffan Jiragen Baba Sanni

"Ja ta wajenki," in ji Baba Sanni.

'Yarsa Rakiatu ta ja igiyar da hannu biyu, shi kuma ya danna gwiwa a kan tabarmar da ya naɗe bargonsa da buzun sallarsa a ciki, ya ƙulle. Hannunsa ya san ɗauri. Tun kafin a haife ta yake ɗaure huhun goro a unguwar Alabar ta Kumasi, kuma ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ya kwance a hanya ba. Yau dai nasa kayan yake ɗaurewa.

"To, mu ci gaba," ya ce. "Harafin C."

"In a gaba yake shi kaɗai, jirgin soja ne na ɗaukar kaya," ta ce. "In kuma D na gabansa, D sunan maƙeran ne, Douglas, C kuma yana nufin na kasuwanci."

"Madalla. B fa?"

"Mai jefa bom."

Ya gyaɗa kai, ya jawo akwatin ƙarfensa. Safiya ce ta watan azumi, a farkon Disambar 1969, amma gidan hayar da suke ciki a Zangon Kumasi ya cika da hayaniya kamar kasuwa. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana, wa'adin kuma ya zo ƙarshe. Rabin ɗakunan gidan sun zama kango. Mata suna ta fito da tukwane da kwalla tsakar gida suna rarrabawa, wannan a tafi da shi, wannan a bar wa maƙwabta.

Baba Sanni ya baro Dogondutsi ta Nijar yana yaro, a bayan wani baffansa mai fataucin shanu, bai kuma sake komawa ba. Matarsa Lariba 'yar Salaga ce ta nan Gana, don haka ita da 'yarsu ba wanda ya taɓa su. Lariba ta yi kuka ta ce za ta bi shi, ya ce a'a, bai san ko zai tarar da wanda ya san sunan ubansa a can ba, ba zai kai mace inda shi kansa baƙo ne ba. In ya sami wurin sa haƙarƙari zai aiko.

Ita kuwa Rakiatu, ranar ce kamfanin jiragen sama ya kira ta ganawa a filin jirgin Kumasi, aka ce mai ganawar daga Akra zai zo. Ta gama makarantar koyon tafireta a Asafo, kamfanin kuma yana neman akawun da zai riƙa rubuta tikiti da auna kayan fasinja. Sun bai wa masu nema wani ɗan littafi, sun ce a san ire-iren jirage da haruffan da ke jikin sunayensu, don wanda bai san jirgi ba ba zai san abin da zai iya ɗauka ba.

A nan Baba Sanni ya sami abin yi. Lokacin yaƙin Hitila ya yi lebura a Takoradi, inda ake sauke jiragen sama daga jirgin ruwa a cikin manyan akwatunan katako, a harhaɗa su, su tashi zuwa Masar. Shi da abokansa suke ɓalle akwatunan. Bai yi boko ba, har yau ba ya iya karanta sunansa da rubutun Turawa, amma haruffan da aka buga a jikin waɗancan akwatuna sun zauna masa a kai daram. Tun tana ƙarama, in jirgi ya wuce ta saman Zango, sai ya ɗaga ta a kafaɗa ya gaya mata ko wane iri ne. Abin da yake yawan nanata mata shi ne, kafin ta fassara harafi ta fara tambayar wanda ya raɗa wa jirgin suna, soja ne ko maƙera, domin kowa da abin da yake nufi da harafinsa.

"Saura ɗaya," ya ce, yana cusa hularsa ta Juma'a a gefen akwatin. "Ƙaramin jirgin yaƙi, mai bin abokin gaba a guje."

"F."

"P."

"F ne, Baba."

"Ke, P ne. P da arba'in. Da hannun nan nawa na ɓalle akwatunansu, har da wanda aka zana wa haƙora a baki. P."

Ta buɗe littafin ta nuna masa da yatsa, ko da yake ta san ba zai karanta ba. "Ga shi nan. An daina P tun kafin a haife ni. Yanzu F ake cewa."

"Littafin ne ya yi kuskure."

Daga nan ne abin ya ɓaci. Kwana da kwanaki Rakiatu tana danne wani haushi a ranta. Tun bara take roƙonsa ya je ya nemi takardar zama, yana dariya yana cewa wa zai tambayi Sanni takarda a Kumasi, garin da ya binne 'ya'ya biyu. Wannan haushin da tsoron da ke ƙarƙashinsa su suka taso mata gaba ɗaya, suka fito ta wata ƙofar daban.

"Baba, don Allah ka bar ruɗa ni yau! Abin da ka sani na da ne. Duniya ta canza kai ba ka sani ba, shi ya sa ga inda muke."

Ta faɗa da ƙarfi. Habsatu, maƙwabciyarsu da ke wanke kwanuka a bakin famfo, ta tsaya da hannu a cikin ruwa. Lariba ta leƙo daga ɗaki, ta kira sunan 'yarta sau ɗaya.

Baba Sanni ya daɗe yana kallon murfin akwatin. Sannan ya rufe shi a hankali, ya sa kwaɗo.

"To," ya ce. "F ne ke nan."

Ta so ta durƙusa a nan take, amma idon mutane na kanta, kuma fushin bai gama sauka ba. Ta shiga ɗaki ta canza kaya, ta yafa farin mayafinta, ta fito da takardunta a jaka.

"Yaushe lorin zai tashi?" ta tambaya, tana kallon ƙasa.

"Direba ya ce sai bayan la'asar."

"Kafin azahar na dawo."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce. "Ki yi magana a hankali, kar ki yi sauri. In kina sauri kina cin ƙarshen kalma."

Ba ta yi masa sallama irin ta tafiya ba. Ta ce a ranta in ta dawo za ta same shi shi kaɗai, ta durƙusa ta nemi gafara yadda ya kamata, ta kuma raka shi tasha da kayansa a kanta.

Trotro ɗin da ta hau, wato ƙaramar motar haya, ya bi ta Asawase ya ratsa Aboabo. Ko'ina a bakin hanya mutane ne zaune a kan ƙunshin kaya, da gadajen ƙarfe a jingine da bango, da keken ɗinki an naɗe shi da zane. Wata Asantiya mai sayar da kifi da ke kusa da ita tana ta girgiza kai tana magana da Tuwi, harshen Asante, tana cewa wanda ya yi mata ɗinki shekara da shekaru ya tafi jiya, ko sallama ba su yi ba. Rakiatu ta juya fuskarta wajen taga.

A filin jirgin an zaunar da masu neman aikin a kan dogon benci a barandar ofis. Yawancinsu samari ne da laktaye, mata biyu ne kawai, kuma ita kaɗai ce mai mayafi. Wani masinja ya fito ya ce mai ganawar, Mista Adomako, daga Akra yake zuwa a jirgin safe, kuma jirgin bai taso ba tukuna. A jira.

Suka jira. Rana ta hau. Samarin suka je suka sayo burodi da lemo, ɗayansu ya miƙa mata, ta ce tana azumi. Ta buɗe littafin a cinyarta, amma idonta ba ya kan shafin. Abin da take gani shi ne hannun babanta yana rufe akwati. Da ma ya yi mata tsawa, da ya fi mata sauƙi. A iya saninta da shi bai taɓa sakin gardama a kan jirgi ba, ko da limamin unguwa ne sai ya ja. Yau ya saki, don ita.

Da azahar ta yi, ta roƙi wani mai shara ruwa a gwangwani, ta zagaya bayan ofis ta yi salla a kan mayafinta. Da ta dawo ta tambayi masinjan ko akwai labari.

"Yana hanya," ya ce.

"Tun ɗazu kake cewa yana hanya."

"In kina da abin da ya fi wannan, 'yar'uwa, ki tafi. Amma wanda aka kira sunansa ba ya nan, an wuce shi ke nan."

Ta zauna. Ta tashi. Ta lissafa a ranta: in ta tafi yanzu za ta sami babanta, su zauna tare har lori ya tashi. In ta tafi kuma, daga gobe ba mai shigo da komai gidan sai abin da tukunyar wake da shinkafar Lariba ta kawo, masu sayen kuwa rabinsu suna kan hanyar barin gari. Ta ɗauki jakarta, ta sauka daga baranda, ta nufi ƙofar fita. Ta kai bakin ƙofar ke nan ta ji ƙugi daga kudu.

Ba sai ta ɗaga kai ba. Ƙarar injin biyu ce mai kauri, wadda ta saba ji tun tana kan kafaɗar babanta. DC-3 ne, wanda shi har yau C-47 yake kiransa, don da wannan sunan ya san shi a hannun soja. Ta tsaya da hannu a kan ƙarfen ƙofar tana kallo har ya sauka, ya juyo da hancinsa sama. La'asar da saura. Ganawa ba ta ɗaukar lokaci. Ta juya ta koma kan benci.

Ba a kira ta da wuri ba. Bisa jerin haruffan suna ake kira, nata kuma yana can ƙasa.

Mista Adomako dattijo ne mai furfura a gefen kai, ya sassauta laktayensa saboda zafi. Ya duba takardunta, ya sa ta buga layi biyu a tafireta, sannan ya jingina da kujera ya fara tambaya da Turanci.

"VC10."

"V sunan maƙeran ne, Vickers. C na kasuwanci."

"Ga DC-6A ga DC-6B. An ce miki gobe ɗaya zai zo, kina da mutum hamsin masu tikiti. Wanne za ki yi fatan ya zo?"

"B, ranka ya daɗe. Harafin da ke wutsiya yana nuna yadda aka sake fasalin jirgin. A na kaya ne, yana da babbar ƙofa. B na fasinja ne."

"F27."

Bakinta ya buɗe zai ce jirgin yaƙi, don tun safe harafin ke yawo a kanta da wannan ma'anar. Sai ta tsaya. Ba soja ne suka raɗa wa wannan suna ba.

"Fokker," ta ce a hankali. "Sunan maƙeran ne. Jirgin fasinja ne."

Ya ɗaga gira. "Uku daga cikin samarin can sun ce mini na yaƙi ne. Wa ya koya miki?"

"Babana."

"A nan yake aiki?"

"A'a. A Takoradi ya yi, lokacin yaƙi." Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka tambaye ni na soja ba? P da F?"

Ya yi dariya ya kaɗa hannu. "Wannan shafin cika littafi ne kawai. Mu ina ruwanmu da jiragen yaƙi? Tikiti muke sayarwa." Ya rubuta wani abu a takardarta. "Ki zo ran Litinin. Ki kuma gaishe da babanki."

Kafin ta fita ya ce wa masinjan ya nuna mata wurin zamanta. Tebur ne ƙarami kusa da ma'aunin kaya. A kansa akwai kofin shayi na tangaran da ba a wanke ba, a ƙarƙashi kuma takalmin roba na zaman ofis, an ajiye shi a jere.

"Na wane ne?" ta tambaya.

"Na wanda ya bar wurin," in ji masinjan. "Bayerabe ne, mutumin kirki. Ya fi kowa daɗewa a nan. Makon jiya ya tafi da iyalinsa. In ba don dokar nan ba ai da ba a nemi kowa ba." Ya ɗauke kofin. "Ran Litinin za ki tarar na share."

Rakiatu ba ta san lokacin da ta fito titi ba. Trotro biyu suka wuce a cike. Na uku ta rataya a bakin ƙofa, kwandasta yana mata faɗa da Tuwi, ba ta ko ji ba. A Aboabo motoci suka cushe saboda wani lori da ya lalace da kaya har sama, sai ta sauka ta kama tafiya da ƙafa, tana haɗawa da gudu, takalminta na ganawa yana cin dunduniyarta. Ana kiran la'asar a masallatan Asawase lokacin da ta wuce. Ta ce a ranta ai bayan la'asar aka ce, sai an yi salla, sai an ɗora kaya, sai an yi addu'a.

Filin da loran arewa ke tsayawa a bakin Zango ya cika da mutane, amma wurin da lorin Bawku ya kwana tun jiya ba komai sai baƙin mai a ƙasa da guntayen igiya. Alfa Bawah, ladanin masallacinsu, yana zaune a kan wani turmi da aka bari, da carbi a hannu. Da ya gan ta ya miƙe.

"Rakiatu. Sai yanzu?"

"Ina lorin, Alfa?"

"Ya tashi, 'yata. Ana idar da azahar. Labari ya zo cewa layin jirgin fito a Yeji ya yi tsawo, wanda bai isa yau ba zai kwana uku a bakin ruwa. Direba ya ce ba zai jira kowa ba."

"Amma an ce bayan la'asar."

"Haka aka ce."

Ta tsaya tana haki. Ƙishirwar yinin gaba ɗaya ta taso mata a lokaci guda, har ta ji ƙasa tana juyawa. Alfa Bawah ya kama gefen jakarta ya zaunar da ita a kan turmin.

"Ya jira ki," ya ce. "Sau biyu yana saukowa daga motar, yana zuwa bakin titi yana dubawa. Na biyun sai da samari suka ɗaga shi suka mayar, don motar ta fara tafiya."

"Bai bar saƙo ba?"

"Ya ce in jirgin Akra ya makara, ba laifinki ba ne. Ya ce tun safe yake kasa kunne bai ji wucewarsa ba." Alfa ya ja carbinsa. "Ban san me yake nufi ba, amma haka ya ce in gaya miki."

Ta rufe fuskarta da mayafi. Alfa bai hana ta ba. Da ta ɗago ta tambaye shi ko akwai wata motar da za ta bi bayansu yau. Ya ce akwai ta gobe, amma ba ta Bawku za ta bi ba, kuma a wannan cunkoson ko uwa ba za ta gane ɗanta a Yeji ba. Ya ce ta je gida, uwarta ita kaɗai ce.

Gidan ya yi shiru irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ƙofofi a buɗe, ɗakuna ba labule. Habsatu ta gaishe ta da ido kawai ta shige. Lariba tana zaune a gaban murhu tana dama koko na buɗa-baki, idanunta sun kumbura. Rakiatu ta durƙusa kusa da ita, ta karɓi muciyar ta ci gaba da damawa.

"Sun ɗauke ki?" in ji Lariba daga baya.

"Sun ɗauke ni, Mma. Ran Litinin."

"Alhamdu lillahi." Ta share fuskarta da bakin zane. "Ya ce za su ɗauke ki. Har ya gaya wa mutanen cikin motar 'yarsa ma'aikaciyar jirgin sama ce, tun ba a san komai ba."

Rakiatu ta sauke tukunyar daga wuta. Kokon ya ɗan zube a kan dutsen murhu. Lariba ta jawo kwanuka, ta jera uku kamar kullum, sannan ta lura, ta mayar da ɗaya cikin kwando.

Rana ta yi ƙasa. Can daga masallaci suka ji Alfa Bawah yana gyaran murya. Lariba tana kallon 'yarta kamar mai auna wata magana, sannan ta matso ta rage murya.

"Jiragen nan naku," ta ce, "da kika haddace su duka. Akwai wanda yake zuwa Dogondutsi?"

Rakiatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta, da haruffansu da garuruwan da suke sauka.

"Babu, Mma," ta ce.

Lariba ta gyaɗa kai. Aka kira salla, ta miƙa wa 'yarta ruwa.